Amin Ɗin Da Na Amsa

Mu dukawa ne a Dutse, ɗinkin takalmin fade da jaka muka gada. Da Turawa suka ja layin dogo ta Taura, aka shiga kwasar samari aikin tilas, tsakuwa tana tsattsage musu ƙafa. Sai na fara ɗinka takalmi mai rufe idon sawu, ƙasansa kirgi riɓi biyu. Kafin a jima rumfata ta cika da masu ɗinki, har na gina soro.

Ran nan wata tsohuwa daga Aujara ta zo da sillen kara, awon ƙafar ɗanta da aka tafi da shi. Da na gama ta karɓa, ta ce, "Allah ya ƙara kasuwa, ɗana."

"Amin, Inna," na ce, har da shafa goshi.

Sai da ta ɓace na tuna kasuwata ba ta ƙaruwa sai an ƙara kwashe 'ya'yan mutane.

Yau jikokina da inji suke ɗinki. Ni dai in an yi mini addu'ar nan, iyakata "na gode".