Ermete Mai Aski, Abokina na Bakin Tafki

Rai aro ne daga Allah, kuma Mai abu yakan karɓi abinsa a ranar da Ya so. Ranar Alhamis, sha uku ga watan Nuwamba, da hantsi, Fiorenza ta buga mini waya ta ce, "Kawu Gualtiero, Baba ya tafi." Haka labarin rasuwar mahaifinta ya iske ni, wato Ermete Bargagli, mai askin garinmu Orbetello, aminina, yana da shekara saba'in da takwas a duniya. Ya cika a ɗakinsa, matarsa Clelia na riƙe da hannunsa, tagar da ke kallon tafki a buɗe kamar yadda ya roƙa.

Ermete, bari in yi magana da kai kai tsaye, don ban saba yin zancenka a bayan idonka ba.

Babu namijin da ya girma a garin nan bai taɓa miƙa maka wuyansa ba. Masunta da malaman makaranta da fada na cocinmu, duk a kujera guda ka zaunar da su, kuma duk ba'a guda ka yi musu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda kake zuwa ranar Litinin da safe, ranar da masu aski ke hutu. Kakan ɗauki jakar kayan askinka ka nufi gidan tsofaffi, daga nan ka bi gidajen waɗanda ciwo ya kwantar, ka yi musu aski, ka shafa musu turare, ka nuna musu madubi. Clelia ta taɓa yi maka faɗa a gabana cewa ba ka hutawa. Ka ce mata, "Mutum ko a bakin kabari yake, a bar shi ya duba madubi ya gane kansa."

Ni ma jakar nan ta zo ƙofata. Lokacin da matata Nives ta rasu, na rufe gida na zauna. Na daina ɗaga waya, na daina ɗora tukunya, gemu ya cika mini fuska. Mutanen kirki sun zo da kalmomi masu daɗi, na saurare su ta bayan ƙofa har suka gaji suka bar zuwa. A raina na gama yanke cewa zama zan yi har a zo a fitar da ni. Sai ga ka wata Litinin da azahar kana dukan ƙofa kamar za ka karya ta.

"Buɗe, Gualtiero, ko in tara maƙwabta in ce musu wari nake ji!"

Na buɗe. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Kai, ko bunsuru ya fi ka tsari. Zauna." Ka aske ni tas, ba ka ce mini yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Da ka gama ka ce in ɗauko rigar sanyi, akwai waɗanda kake so in gaisa da su. Na ɗauka mutane ne, har na fara neman uzuri. Ashe bakin tafki za ka kai ni, can bayan ciyayin ruwa, inda wani tsohon benci yake fuskantar faɗuwar rana.

A garin nan aka haife ni, a tashar jirgin ƙasansa na yi aiki har na yi ritaya, amma sai ranar na kalli tsuntsayenmu da idon mai kallo. Ka miƙo mini madubin hangen nesa, ga tsuntsayen filamingo masu dogayen ƙafafu nan garke guda, jaja-jaja, sun dulmiya kawunansu cikin ruwa, ga agwagin ruwa suna ta hayaniya kamar 'yan kasuwa. Sannan ka zaro naɗin tabar ganye daga aljihu, ka raba shi biyu da 'yar wuƙarka kamar yadda iyayenmu ke yi, ka ba ni rabi. Zuƙar farko na sarƙe, na yi ta tari har hawaye. Ka ce, "Kada ka haɗiye, wawa, ba miya ba ce!" Na yi dariya. Rabona da dariya tun Nives na da rai. Daga dariyar kuma kuka ya ɓalle mini, kai kuwa ka juya kana kallon ruwa, ka bar ni na yi mai isata. Da na natsu sai ka nuna mini wani zalɓe da haɓarka ka ce, "Ka ga wancan? Tun safe yake tsaye bai kama ko ɗan ƙaramin kifi ba, amma bai koma gida ya kulle ƙofa ba." Ta'aziyyar da ka yi mini ke nan, kuma ita ce ta shige ni.

Tun daga nan yammacin Litinin ya zama namu. Ba ka da wani buri na tara abin duniya, rauninka guda ne: sabuwar taba. Ortensia mai shagon taba ta san halinka, duk abin da ya zo sabo sai ta ajiye maka ɗaya, ko daga Nikaragwa, ko daga Kyuba, ko na gonakinmu na nan Toskana. Kakan shinshina shi, ka murza shi kusa da kunne, ka kunna a hankali, sannan ka yanke masa hukunci kamar alƙali. Wani ka ce ɗan siyasa ne, farkonsa zaƙi ƙarshensa ɗaci. Wani mai tsadar gaske da ɗanka Duilio ya kawo maka daga Liborno ka ce kyakkyawar riga ce a jikin mutumin da ba shi da abin faɗi. Wani kuma baƙi, mummuna, karkatacce, ka sha shi har ya kusa ƙona maka yatsu, ka ce, "Wannan kam ni ne." Kai ka koya mini cewa taba ba ta son mai gaggawa: in ka ja da ƙarfi ta yi zafi ta ɓata maka baki, in ka shagala da surutu ta mutu a hannunka. Sau da yawa mukan zauna har rana ta sauka bayan dutsen Arjentariyo ba wanda ya ce uffan, kuma in koma gida ina jin kamar mun yi doguwar hira.

Bara muryarka ta fara dishewa. Muka ce sanyi ne. A asibitin Goroseto aka ce mugun ciwo ne a maƙogwaro. Ba ka zargi kowa ba. Ka ce, "Ni na kunna, ni na sha." Ka kira Duilio ka sa ya rantse maka zai bar sigari, kai kuma daga ranar ba ka sake kai wuta bakinka ba. Na ce ni ma na bari, ai tare muka fara zaman nan. Ka harare ni.

"In ka bari, wa zai riƙa ba ni labari? Rabi kawai, sau ɗaya a mako. Ka fi ni taurin rai."

Haka ka ci gaba da zuwa wajen Ortensia. Kakan yanka, ka ba ni nawa, ka koma ta inda iska ba za ta kai maka hayaƙi ba, ka riƙe naka rabin a yatsu ba wuta.

Sai ka tambaye ni, "Yaya take?"

"To, taba ce."

"Jaki! Duk shekarun nan a banza na koyar da kai? Me ka ji a harshenka?"

Dole na koyi magana saboda kai. Na ce kamar ƙasa ce bayan ruwan farko, da ɗan barkono can ƙarshe. Ka lumshe ido ka gyaɗa kai, ka ce, "Yauwa. Ci gaba." Ban taɓa ganin mutumin da aka ƙwace wa abin da yake so, ya kuma ƙi barin ɗaci ya shiga zuciyarsa kamar kai ba.

Fitarmu ta ƙarshe a ƙarshen Oktoba ce. Duilio ya kawo ka a mota, muka tura ka a keken marasa lafiya har bakin benci. Muryarka ta koma raɗa, sai na kai kunne kusa da bakinka. Gauraki kake jira, masu launin toka da ke ratsowa daga arewa in sanyi ya gabato. Mun kusa fid da rai sai muka ji kukansu tun kafin mu gan su, suka wuce ta kanmu a jere, suka miƙe ta kan teku. Na yi ƙarfin hali na tambaye ka ko kana jin tsoro. Ka ce, "Kaɗan. Amma dubi ƙananan can na baya. Ba su taɓa ganin inda za su ba, suna bi ne don manyansu na gaba. Ni ma nawa sun yi gaba."

Kafin mu tashi ka kama hannun rigata ka ce, "Clelia ba ta taɓa zuwa nan ba. Hayaƙina ne ya hana ta. Ka kawo ta."

Ranar Asabar muka raka ka. Coci ya cika har waje. An turo tsofaffi daga gidan tsofaffi a kan kekuna, na lura duk an yi musu aski, ashe Duilio ne ya ɗauki jakarka ya je da sassafe, ko da yake hannunsa bai kai naka ba.

Allah Ya ji ƙanka, Ermete. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya dube ka da idon rahama kamar yadda ka dubi fuskokin da duniya ta juya wa baya. Ya sanyaya makwancinka, Ya haɗa ka da magabatanka cikin salama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fiorenza da Duilio da 'ya'yansu, da 'yan'uwa da abokan arziki, da dukan mutanen Orbetello. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ya bari. Ke kuma Clelia, ba ni da kalmar da za ta kai nauyin abin da ke zuciyarki, ba zan kuma nemo ta ba. Ki yi kukanki, ki huta. Ranar da kika ji ƙafarki za ta ɗauke ki, ki aiko a kira ni. Akwai saƙon mijinki a wuyana na in kai ki bakin tafki, kuma zan zo aljihuna babu ko ashana.