Shekarun da Ka Rubuta a Jikin Madaci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifinmu, kafintan da kowa ya sani da Sai-Baɗi, bayan jinyar mako uku. Ni ce 'yarsa ta biyu, wadda ta tashi cikin ƙurar katako a shagonsa. Yau kwana tara ke nan, Baba, kuma ba zan ɓoye maka ba, da hawaye da fushi nake wannan rubutu.

Sunan nan da ba'a aka laƙaba maka shi. Shekara ashirin da shida da suka wuce ka sayi fili a bayan gari, kowa na jiran ka gina shagunan haya, sai ka dasa madaci. Kowace bishiya in ta yi kauri, ka ɗauko jan fenti ka rubuta mata shekarar da za a sare ta. Wanda duk ya zo taya wadda lokacinta bai yi ba, amsarka ɗaya ce: "Sai baɗi." In baɗin ta zo, ka maimaita masa. Abokan sana'arka suka ce kana yi wa jikoki noma, 'ya'ya na hamma. Mun yi hammar kuwa. Na tuna daminar da ka kori wani dillali da jakar kuɗinsa alhali rufinmu na yoyo, Inna ta yi kwana uku tana fushi da kai. Ka hau da kanka ka liƙe, ka sauko kana dariya, ka ce ruwan ma na bishiyoyi ne, ɓatan hanya ya yi.

Ƙa'idarka ba ta taɓa sauyawa ba: a sare ɗaya, a dasa uku. Garin katako na masu kiwon kaji ne, guntaye kuma su zama kujerun tsuguno, ba a ƙona komai. Ranar da aka ce maka zarto ba na mata ba ne, ka danƙa mini shi a gabansu, ka ce katako bai damu da hannun mace ko na namiji ba, mai gaggawa kawai yake ƙi. Yau masu yi maka dariya sai sun yi tafiyar kwana biyu neman katako, domin dazuzzukan da suka dogara da su sun ƙare. Mu kuwa, mutum ashirin da uku ke cin abinci a shagonka, katakonmu na bayan gari.

Ga abin da ya fusata ni. Kwana huɗu da rasuwarka, masu gaisuwa ba su gama watsewa ba, Yaya ya kai dillali gonar suna auna kaurin itatuwa.

"Ƙanwata," ya ce da ni, "Baba ya yi nasa ya tafi. A sare duka, kowa ya kama rabonsa."

Na ce, "Yaya, haƙƙinka ne, ba zan tauye ka ba. Ɗauki rabona na gida da na mota, ka bar mini bishiyoyin."

"Ke kuma ki zauna ina?"

"Shago ma yana da rufi."

Har yanzu ba mu daidaita ba. Amma Inna, wadda ta fi kowa faɗa da gonar nan, ta ce mai shiga da zarto sai ya fara ta kanta.

Shekaranjiya na zagaya layin bishiyoyi na ƙarshe a gonar. Shekarar da ka rubuta a wajen, da ka kai ta da ka haura ɗari, kuma ka sani lokacin da kake rubutawa. A nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Jiya muka sare ɗaya daga cikin na bana, muka dasa uku. Muna cikin ban ruwa dillalin ya dawo, ya tambaye ni yaushe za mu yi magana a kan sauran. Ka san abin da na ce masa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanya kowace inuwa da ka bari a mizaninka. Ina yi wa Inna ta'aziyya, da ƙannena, da ma'aikatanka, da Yaya, domin shi ma uba ya rasa. Allah Ya ba mu haƙuri irin naka, mai jiran shekara ashirin da shida. Amin.