Rikodar da Ta Sha Turaren Juma'a

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne muryar Baba ta fara ja. A lokacin ya shekara biyu da rasuwa.

Ciwon suga ya cinye idon Inna tun ina sakandare, ita kuwa tsohuwar malamar firamare ce, mai son karatu. Da Baba ya ga tana shafa littattafanta tana ajiyar zuciya, sai ya sayo wata 'yar rikoda mai cin batir huɗu. Bayan la'asar yakan zauna a tsakar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya karanta mata wani littafin tafiye-tafiye da take so, yana ɗauka a kaset. Kaset shida ya cika. Ba gwanin karatu ba ne, Allah ya jiƙansa. Yakan yi tari, ya tsallake layi ya dawo, in ya zo wurin da ya ba shi dariya sai ya tsaya ya ce, "Kina ji ko?" Ya ɗiga kakin kyandir a kan maɓallin kunnawa don yatsanta ya riƙa gane shi. Bayan rasuwarsa, rikodar nan ce ta zama abokiyar hirarta.

Sai ga shi muryar ta soma nauyi. Da fari kamar mai jin barci, daga baya ta koma irin maganar da ya riƙa yi a makonsa na ƙarshe a gadon asibiti, kowace kalma sai ya jawo ta da ƙyar. Wata rana kuma rikodar ta tauna kaset na uku, na zaro zarensa a cukurkuɗe, bai ƙara moruwa ba. Inna ta naɗe rikodar a zani ta tura ƙarƙashin gado.

"Jinyarsa sau ɗaya na yi, ba zan yi ta sau biyu ba," ta ce.

Daga ranar ta daina fitowa tsakar gida da la'asar. Tuwo ma yadda na kai mata haka nake ɗauko shi. Na tsorata ƙwarai, don na ga alamar wannan karon ne Baba zai mutu mata gaba ɗaya.

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya a lokacin, kuma taurin kaina ba wanda bai shaida shi ba a unguwar. Na ce sai na ga bayan wannan ciwo. Na sa sababbin batir, ba canji. Maƙwabciyarmu ta rantse cewa sai an shanya batir a rana yake yin ƙarfi, na shanya, ba don na yarda ba, don dai in huta da bakinta. Na zura biro na juya kaset gaba da baya ko zaren ne ya ɗaure. Sannan na sa wani kaset ɗina na waƙa, sai ga zabiyar ta koma ƙaton namiji mai mura. Nan na ɗan samu sauƙi, tunda ciwon a jikin rikodar yake, muryar Baba tana nan lafiya a kaset biyar ɗin da suka rage.

Na ce wa Inna a sayo wata. Ta ce a'a, wadda hannunsa ya taɓa take so, kuma ba za a sa mata kaset ko ɗaya a bakin baƙuwar na'ura ba. Inna in ta ce a'a, to an rufe zancen. A wurinta na gado taurin kai.

Wata Asabar da na tashi daga aikin safe a asibiti na kai rikodar wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwar Tarauni. Shagon cike da maza, ana ta musu a kan wa za a ba kwamishina, wa za a hana. Mai gyaran ko buɗe ta bai yi ba. Ya kunna, ya kara a kunne, ya miƙo mini.

"Hajiya, injinta ne ya gaji. Soja ma sun gaji sun koma bariki, balle wannan."

Mazan suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi.

"Malam, mu a wurinmu sai an duba marar lafiya kafin a ja masa mayafi," na ce. Na saka abata a jaka na fito.

A bas ɗin komawa gida wata dattijuwa da ke gefena ta taɓa ni.

"'Yar nan, turaren wutan nan naki a ina kike saye? Kai, ya yi daɗi."

Ni da na fito daga ɗakin marasa lafiya ina warin magani, ina na ga turare? Na shinshina mayafina, ba shi ba ne. Na buɗe jaka, sai ƙamshi ya buge ni, ƙamshin da na sani tun ina yarinya. Na buɗe murfin rikodar na zura yatsa na taɓa 'yar robar nan mai zagaye da ke jan zaren kaset. Yatsana ya fito da wani abu ja-ja mai danƙo kamar maɗi.

Ina isa gida, ko takalmi ban gama cirewa ba na faɗa ɗakin Inna.

"Inna, yaya aka yi rikoda take ƙamshin rigar Juma'ar Baba?"

Ta juyo da fuskarta wajen da muryata take.

"Shekara talatin ina turara masa riga duk Juma'a," ta ce. "Rigunan an raba wa 'yan'uwansa. Hannuna kuwa ya saba. In Juma'a ta yi na zuba garwashi a kasko, sai in rasa abin da zan ɗora. To sai in buɗe wa rikodar baki in kara ta a kan hayaƙin."

Duk safiyar Juma'a ina makaranta, shi ya sa ban taɓa gani ba. Turaren Inna kuwa haɗin gida ne, da sukari da turaren mai ake dafa shi. Shekara biyu hayaƙinsa yana kwanciya a kan robar, har ta kai tana riƙe zaren maimakon ta sake shi ya wuce. Na shirya faɗa tsaf, ya zo har bakina, amma abin da ya fito dariya ce haɗe da kuka.

Na ɗauko auduga da sifirit ɗin da muke wanke rauni da shi. Na naɗa audugar a tsinken tsintsiya na shiga gogewa a hankali, robar da siririn ƙarfen da ke manne da ita, ina juya su da yatsa. Sau bakwai ina canja auduga kafin ta fito fara. Na bari ya bushe, na sa kaset ɗin waƙata. Zabiya ta dawo mace, muryarta garau! Na yi tsalle na buga guɗa, abin da ban taɓa iyawa ba a gidan biki. Wallahi da mai gyaran nan yana kusa, da sai ya saurara har ƙarshen kaset.

Na kafa wa Inna sharaɗi. Zan ɗinka wa rikodar riga ta farin yadi, duk Juma'a a cire rigar a turara, ita kuwa rikodar ta jira a gefe.

"Dama shi ma ba a jikinsa nake turarawa ba," in ji Inna.

La'asar ta yi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kamo hannunta muka fito. Ta zaro kaset na huɗu daga cikin zaninta ta sa da kanta, yatsanta ya lalubo kakin kyandir ya danna. Na riƙe numfashi ina kallon zaren yana juyawa.

Baba ya yi gyaran murya. Ya kama karatu da saurinsa na da, lafiyarsa ƙalau, ya tsallake layi ya dawo. Can ya fashe da dariya ya tsaya.

"Kina ji ko?"

Inna ta gyara zama, ta jawo kwanon abincin da ta ƙi taɓawa tun rana.

"Ina ji, Malam," ta ce. "Ci gaba."