Wayar Inna da Injin Yaya Nura

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Nura, Allah ya jiƙansa. A shagonsa na gyaran waya da ke Mpape ya ƙera Tafinta, inji ne da ba a taɓa shi da hannu. Manhaja ce da ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta, ta fassara wa kowace irin waya.

Ina gefe da littafina ya fara ta. Ta farko layi-layi take karantawa, kamar mai koyon baƙi. Daga baya ya koya mata dunƙule umarni, sannan ya sa mata mai shara, wanda ke kwashe abin da aka gama da shi don kada waya ta cika. Doka ɗaya ya kafa: duk sabon gyara sai an gwada shi a tsohuwar wayar Innarmu. "In bai tashi a wayar Inna ba," in ji shi, "ba a gama ba."

Bayan rasuwarsa na ci gaba da aikin a jami'a, a Gwagwalada. Na ƙara mata wani sashe da ya sa take gudu kamar iska, kuma shi ne aikina na kammala digiri. Komai na auna, amma a kwamfutar makaranta.

Makon jiya Malama Rifkatu, wadda ke koyar da yara da Tafinta a Orozo, ta same ni da leda cike da tsofaffin wayoyi. "Ƙanin Nura, abin naku ya ƙi buɗewa fa," ta ce. "Ko sai mun sayi wayar oga?" Dariya take yi. Ni kuwa na kasa ɗaga kai. Garin gyaran gira na tsone ido.

Da Yaya zai ga wannan, me zai ce? Ba zai yi faɗa ba. Wayar Inna kawai zai miƙo mini, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Jiya na cire sashen nawa. Ban san me zan nuna wa malamaina ba, amma ajin Orozo zai ci gaba da karatu. Layukan da Yaya ya rubuta kaɗan suka rage a Tafinta. Dokarsa ce ba ta tsufa ba. Na nemo wayar Inna, na sa mata caji. Tafinta ta yi jinkiri a kanta, sannan ta buɗe.