Mota ta Takwas

Shekara arba'in da ɗaya Clive Thurlow ya yi yana gyaran motocin tsere masu kujera ɗaya, a garejinsa da ke bayan wani tsohon filin jirgin sama a yankin Norfolk, inda ake tsere yanzu. Ƙananan motoci ne, irin waɗanda matashi ke fara koyon tsere da su. A da, uba da ɗa kan jawo tasu a tirela ran Asabar, a yi yawa har sai an kasa su kashi uku. Yanzu mai hali yakan miƙa ɗansa ga manyan kamfanonin tsere kai tsaye, ɗan marar hali kuwa a kwamfuta yake nasa tseren.

Irin wannan mota ba a saya mata kujera a kanti. Direba zai zauna kan babbar leda, a zuba ruwan soso a cikinta, ya kumbura ya bi surar bayansa, ya daskare. Kujerar mutum ɗaya ce, ba ta karɓar wani. Clive bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Sittin da biyu ne rataye a bango, kowace da suna da shekara.

Bara ƙungiyar filin ta aiko da takarda: in motoci takwas ba su jeru a tseren ƙarshe na shekarar ba, za a soke wannan rukuni. Bakwai aka samu. Clive na da mota, ba shi da direba. Shi kansa likita ya hana shi tun da aka yi masa aikin zuciya.

Sai ya bi bangon nan da waya a hannu, yana kiran masu kujerun ɗaya bayan ɗaya. Wani ya koma Ostireliya, wani ciwon gwiwa ya kama shi, wani matarsa ta ɗauka ta ce ba ya nan. Suna na goma sha huɗu shi ne Gaynor Pegg, 1998, wadda yanzu take tuƙa motar 'yan makaranta a garin Dereham. Ba ta taɓa barin lasisinta na tsere ya mutu ba, ita ma ba ta san dalili ba.

Ran Alhamis ta zo. Clive ya riga ya sauke tsohuwar kujerarta, ya goge, ya sa a mota.

"Shiga, yarinya," in ji shi. "Ga abarki yadda kika bar ta."

"Yarinya? Jika gare ni, tsoho."

Ta zura ƙafafu, ta sulale, ta maƙale a rabi.

"Clive, wannan ta Gaynor 'yar shekara goma sha tara ce. Da ita ka kira."

"Soson ne ya tsuke."

"Ai kuwa, soson ne! Jawo ni kafin in mutu a nan."

Ya jawo ta. Rabonsa da zuba sabuwar kujera shekara shida, kuma ruwan soson da ya rage masa na zubi ɗaya ne. In ta motsa kafin ya daskare, shi ke nan, babu mota ta takwas. Ya shimfiɗa leda, ta zauna, ya zuba.

"Minti ashirin. Kar ki motsa, kar ki yi dariya."

"Da zafi fa."

"Haka kika ce wancan karon."

Ta cije leɓe, ta kafe ido a kan bangon kujeru har lokacin ya cika.

Ran Lahadi motoci takwas suka jeru, cikin yayyafi. Ƙaramin cikin direbobin shekararsa talatin da takwas. Gaynor ce ta ƙarshe, na gaba ya zagaye ta sau ɗaya. Sakataren ƙungiya ya ƙirga takwas, ya ce rukunin zai kai baɗi.

Tana cire hular kwano ta ce, "Baɗi ka nemi ɗanyen jini, tsoho. Bayana ba zai sake ba."

Washegari Clive ya rubuta sunanta a sabuwar kujerar, ya rataye ta kusa da tsohuwar. Sannan ya kira mai sayar da ruwan soso, ya ce a kawo masa na zubi ɗaya.