Dutse a Madadin Birki: Ga Malam Rabi'u Manu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, ashirin da ɗaya ga Agusta, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Rabi'u Manu, direban motar ƙungiyar manoman yankinmu, a bakin wani rafi bayan Rawayya. Motar da ya tuƙa shekara tara ba tare da ya taka ko kaza ba, ita ce ta gangaro ta danne shi a cikin ruwa.

Malam Rabi'u, ina rubuta wannan raina a ɓace. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma masu zuwa gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, a shafa fatiha a tashi, alhali akwai motoci biyu da aka yi wa aikin birki irin na motarka, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu, kuma har yau ba a gyara su ba. Shiru a kan wannan ba haƙuri ba ne, sakaci ne.

Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙauye, kuma kai ne ƙafata. Mace nawa ka kai Gusau tana naƙuda, ta hanyoyin da mai babur ma yake tsoro? Ranar da ruwa ya cinye hanya, na ga ka goya wani tsoho a bayanka ka tsallaka da shi, kana tsokanarsa wai ya fi buhun gero nauyi. Ba ka taɓa shigar da mota ruwa ba sai ka sauka, ka naɗe wando, ka auna zurfinsa da ƙafarka.

Kai ne ka dage a canja birkin baya. Na asali irin na dram ne, rufaffe kamar tukunya, yana cika da taɓo da yashi kowace damina, ka taka ya ƙi kamawa. Ka ce a sa na diski, faifan ƙarfe a buɗe wanda ruwa ke wankewa. Shawara ce mai kyau. Aka kai motar wani gareji a Gusau, aka yi aikin, birkin ƙafa ya kama garau. Sai dai wayar birkin hannu, wadda a dā take maƙale da dram ɗin, ba ta da wurin kamawa a sabon birkin. Mai garejin ya naɗe ta, ya ɗaure a jikin ƙarfe da igiyar roba, ya ce a dawo wani mako. Da ka koma karo na uku, cewa ya yi da kai: "Haba Malam, ƙasarga duwatsu sun ƙare ne?"

Bawan Allah, kai da ka yi wannan aiki, ka san kanka. Ka san mota ce ta daji, mai hawa da gangara, ka sake ta ba birkin hannu, ka bi ta da raha. Ka yi wa ta Tsafe haka, ka yi wa ta Bungudu haka. Kuma ka iya zuwa gaisuwa, ka zauna a tabarma kana girgiza kai!

Mu ma ba mu fita ba. Wata biyar muna tafiya a haka. Da ka tsaya sai ka ce, "A aza dutse!" Ni ne mai dirowa in cusa shi a gindin taya, muna dariya. Wallahi ko sau ɗaya ban ce a ajiye motar ba, don ina bukatar ta. Ranar Laraba ba na nan. Da hannunka ka aza dutsen, ka bar inji a kunne don kada motar ta ƙi tashi da mara lafiya a ciki, ka shiga ruwa don auna zurfinsa, ka ba motar baya. Ƙasa ta sha ruwa, dutsen ya nutse a taɓo. Matar da ka ɗauko ta ce ta yi ta ihu, ƙarar rafi ta hana ka ji.

Allah ya jiƙanka, Malam Rabi'u. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya saka maka da Aljanna saboda rayukan da ka kai asibiti. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Asiya, da matarka Shafa'atu, da 'ya'yanka huɗu. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari.

Sai ƙanenka Idris, wanda shi ke tuƙa motar Bungudu. Idris, na ji ka ce bayan sadakar bakwai za ka koma hanya. Makullin da kake ta nema tun jiya yana aljihuna, ni na ɗauke shi a wurin zaman makoki. Ka kai ni ƙara duk inda kake so. Ba za ka gan shi ba sai na ja birkin hannun nan da kaina a kan gangara na ga motar ta tsaya. Inna Asiya 'ya'ya maza biyu ta haifa, kuma ɗaya na riga na taya ta binne shi.