Gurbin Ranar Talata a Littafin Kogi

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, uwargidanka ta kira ni a waya ta ce, "'Yata, Malaminku ya riga mu gidan gaskiya." Ina ɗakin bincikenmu a lokacin. Malam, yau kwana tara ke nan, amma har yanzu in an turo ƙofa sai na ɗaga kai.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana nazarin ruwa da ambaliya, kana koyar da mu. Ɗalibai suka laƙaba maka Baba Fensir, don ba ka yarda a rubuta awon ruwa da biro. Ka ce tawada ba ta da amana, da ta jiƙe sai ta gudu. Kowace safiya ƙarfe bakwai kana gindin gada da takalmin roba, kana duban sandar awo da aka kafa a bakin kogi, ka rubuta tsayin ruwan a littafi mai baƙin bango. Da littattafan nan muke koya wa kwamfuta ta hango ambaliya kafin ta iso. Unguwar da ke ƙasan gada, gida sama da ɗari huɗu, da gaskiyar abin da ke cikin littattafan take kwana take tashi.

Ni kuwa na taɓa sa ƙarya a ciki, kuma yau zan faɗa. A shekarata ta farko ka yi tafiya ka bar mini littafin. Ɗana ya kwanta da zazzaɓi, na yi kwana uku ban leƙa gada ba. Kunya ta hana ni barin gurbi, sai na dubi awon gaba da na baya, na ƙirƙiro lambobi masu kyau na cike. Da ka dawo ko minti biyu ba ka yi da shafin ba. Ka ce, "Ikon Allah, an kwana biyu ana ruwa a kan duwatsun da kogin nan ke gangarowa, amma bai ji labari ba?" Na san tawa ta ƙare, domin a aikinmu wanda ya ƙirƙiri awo ya gama. Sai ka miƙo mini magogi, ka jira har na goge da hannuna. Ka ce, "Ranar da ba a je ba, a bar ta babu komai. Wanda zai zo bayanmu ya san inda ba mu sani ba." Sannan ka tambayi dalili, da ka ji sai ka ɗauko mukullin motarka, ka kai mu asibiti ni da yaron. Ba ka ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa, kai da ba ka barin tsokana ta wuce ka.

Da aka kawo na'ura mai aiko da awo kai tsaye, kai ka fi kowa murna, amma ba ka fasa zuwa gada ba. Muka riƙa yi maka dariya a bayan ido. Damina biyu da suka wuce laka ta toshe bakin na'urar, tana ta aiko mana da cewa lafiya lau, alhali ruwa ya haura jan layin haɗari da ke jikin sandar awo. Idonka ne ya gani. Ka buga wa hukuma waya, ka bi unguwar gida-gida kana fitar da mutane, har da wata tsohuwa da ta rantse ba za ta bar awakinta ba, sai da ka ja mata su da kanka. Kafin la'asar ruwa ya kai tagogi, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Daga ranar dariyarmu ta koma ciki.

Uwargidanka ta ce a zaune aka same ka bakin ƙofa, ka sa takalmin roba ɗaya, ɗayan yana gefe, littafin yana aljihu. Da ta ba ni shi, wani abokin aikinmu ya ce, da kyakkyawar niyya, mu kwafo awon Talatar daga na'ura don kada tarihinka ya ƙare da giɓi. Na riƙe fensirinka na daɗe. Malam, ban cike ba. Ranar ba a je ba. Tun daga Laraba ni ke zuwa, ƙarfe bakwai, kuma kullum sai na wuce ta kan gurbin Talatar nan kafin na rubuta nawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanya kowane rai da ya tsira ta dalilinka a mizaninka, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da mutanen unguwar ƙasan gada. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu riƙe amanar da ka bari. Amin.